Ki Ci Mangwaronki, Amma da Awo

'Yata, mahaifiyarki ta gaya mini likita ya ce sukarin jininki ya hau, kuma tun daga ranar kin daina taɓa kowane irin ɗan itace, har gwaiba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ki saurare ni, wannan ƙaurace wa 'ya'yan itace da kika yi ya wuce abin da ake nema daga gare ki.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini, wato kamar gram 50 ga babba, kusan ƙaramin cokali 12. Ta sa zuma da matsattsen ruwan 'ya'yan itace a cikin wannan lissafi, amma ɗan itacen da aka tauna da namansa ba ta sa shi ba. Ke mai lalura dole ki fi kowa takatsantsan, sai dai dalilin bambancin nan ya shafe ki. Kin san zare-zaren mangwaro da ke maƙalewa a haƙori har sai an nemi tsinke? Irinsa ne, da sauran harzar da ke cikin naman, ke rage wa sukari saurin shiga jini. Idan aka matse lemu uku aka tace a kofi, an zubar da harzar, an bar miki zaƙin kaɗai, ki shanye kafin ki ajiye kofin. Don haka ko an kawo miki a gidan biki da sanyinsa, ki ce kin gode, ki nemi lemun ki ɓare da hannunki.

Mangwaro na fi jiye miki, don na san yadda kike da shi idan bazara ta shigo, ga shi jibge a tire ko'ina, ga araha. A gram 100 na namansa akwai sukari kamar gram 14, kuma babba guda ya fi gram 100 nesa ba kusa ba. Ki yanka ɓari guda, ki miƙa wa yara sauran tun kafin ki zauna. Kada ki ajiye kwano a gabanki kina hira. Gwaiba da gwanda sun fi sauƙi, gram 8 zuwa 9, gwaiba kuma ga harza da yawa. Fiya ko gram 1 ba ta kai ba. Ayaba ki zaɓi wadda ta fara nuna, domin idan ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, garin cikinta ya riga ya juye sukari.

Kankana na yaudarar mutane. Sukarinta kaɗan ne, kamar gram 6, amma wa ke tsayawa a yanka ɗaya bayan an kai azumi cikin zafi? Ga ta da saurin ɗaga sukari idan aka yawaita. Busasshen dabino kuwa fiye da rabin nauyinsa sukari ne. Ki buɗe baki da ɗaya ko biyu, kin samu sunna, ki bi da ruwa. Shi kansa azumin ki tuntuɓi likitanki tun watan Sha'aban.

Ranar da kika ci ɗan itace, ki rage tuwon shinkafa ko burodi, ki haɗa da 'yar gyaɗa a tafin hannu. Masu cewa ki dafa ganyen kaza ki ajiye ƙwayar asibiti, ki yi musu godiya, ki ci gaba da shan maganinki. Tunda kina da na'urar awo a gida, ki gwada jininki awa 2 bayan kin ci mangwaron, ki rubuta a ɗan littafi tare da abin da kika ci, ki tafi da shi ranar ganin likita.