DARASI: Malamin Sa Kai a Sansanin Matasa na Ƙasar Waje

A ƙasar Italiya makarantu kan rufe daga watan Yuni har zuwa Satumba. Iyaye suna wurin aiki, yara kuwa ba abin yi. Saboda haka majami'u da yawa sukan buɗe filayensu na makonni, su tara yara domin wasa, waƙa, koyon harsuna, aikin hannu da addu'a. A wasu wurare ana kiran wannan shiri Estate Ragazzi, wato bazarar yara. Yawancin masu koyarwa matasa ne 'yan sa kai, wasu lokuta har da baƙi daga wasu ƙasashe. Mene ne asalin wannan aiki, me kuma yake nema daga mai yinsa?

Asalin aikin

An haifi Waliyyi Yohanna Bosko a shekarar 1815 kusa da birnin Turin. Da ya zama fada, ya ga yaran ƙauye da suka shigo birni neman aiki suna gararamba, wasu har suna ƙarewa a kurkuku. Ranar 8 ga Disamba 1841 ya fara koya wa wani yaro, Bartolomeo Garelli, katekizim. Daga yaro ɗaya taro ya ƙaru, har a 1846 ya sami wurin zama a unguwar Valdocco. A shekarar nan mahaifiyarsa Margherita ta bar ƙauyenta ta zo tana dafa wa yaran abinci, tana ɗinke musu tufafi, ba da albashi ba. Ya kafa ƙungiyar Salesiyan a 1859, ya aika mutanensa na farko zuwa Ajantina a 1875. Ya rasu a 1888.

Ginshiƙai uku

Hanyar tarbiyyarsa ta tsaya a kan hankali, addini da ƙauna. Hankali shi ne a bayyana wa yaro dalilin doka kafin a nemi biyayya. Addini shi ne a tuna masa cewa yana da daraja a gaban Allah. Ƙauna kuwa ita ce malami ya kasance tare da yara, ya hana laifi tun bai auku ba, maimakon ya jira ya yi horo. A wata wasiƙa daga Roma a 1884, ya nuna baƙin ciki ganin malamai sun janye daga filin wasa sun bar yara su kaɗai.

Wannan darasi ya shafi baƙon malami ƙwarai. Bai iya harshen yaran sosai ba, bai san al'adarsu ba, kwanakinsa kuma ƙidayayyu ne. Ba zai sami zuciyarsu da tsawa ba. Zai same ta idan ya riƙe sunan kowane yaro, ya ci abin da suka ci, ya yarda su gyara masa magana ba tare da ya ji haushi ba. Wanda ya tafi da tunanin shi kaɗai ne mai bayarwa zai dawo hannu wofi.

Gargaɗi uku

Na farko, aikin sa kai ba hanyar neman kuɗi ba ce. Galibi abinci da wurin kwana ake bayarwa. Duk wanda ya yi maka alkawarin albashi mai tsoka, ya kuma ce ka fara biyansa, ka guje shi. Da irin wannan zaƙin baki aka yaudari 'ya'yanmu mata da yawa zuwa bauta a Turai. A tabbatar da takardar gayyata ta wurin fada ko ofishin bishop.

Na biyu, bizar gajeren zama ta ƙasashen Schengen ba ta wuce kwana 90 cikin 180. Wanda ya ɓuya bayan an tashi sansani ya ci amanar masu masaukinsa, ya kuma rufe ƙofa ga na bayansa.

Na uku, yara amana ne. Kada malami ya keɓe da yaro, kada ya ɗaga masa hannu, kada ya ɗauki hotonsa ba da izinin iyaye ba. Idan an nemi shaidar halinka daga 'yan sanda, kada ka ɗauke shi raini; kāriya ce ga yara da kai kanka.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Waliyyi Yohanna Bosko ya ɗauki filin wasa da muhimmanci kamar aji?
2. Wanda bai taɓa koyar da yaran unguwarsu lokacin dogon hutu ba, ya shirya koyar da na wata ƙasa?
3. Wa za ka tambaya kafin ka amince da gayyata?

Allah ya ba matasanmu zuciyar hidima, ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya. Amin.