Idan Garken Taurari Biyu Suka Yi Karo

Darasinmu na wannan mako a kan sama yake.

Mu a Sakkwato mun saba ɗaga kai sama, musamman idan ana jiran Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata. Mun san Zara, mun san Kaza da 'Ya'yanta. To, dukan taurarin da muke gani da ido, har da ranarmu, suna cikin garke ɗaya ne mai taurari sama da biliyan 100. Masana na kiran irin wannan garke galaksi, kuma akwai ire-irensa bila adadin.

Wani lokaci garke biyu kan jawo juna har su haɗe. Taurarinsu ba sa yin karo, saboda tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa. Iskar gas da ƙura ne ke gwabzawa, su dunƙule, su yi zafi, sai sababbin taurari su tsiro. Garkenmu na samar da tauraro ɗaya ko biyu a shekara. Amma Arp 220, wanda garke biyu ne da ke haɗewa, yana samar da fiye da 100. Haskensa kan yi shekara kusan miliyan 250 kafin ya iso mana.

Me ya sa ba a ganin wannan haske sosai? Ku tuna yadda hazon hunturu ke rufe rana har ta zama kamar faranti. Haka ƙura ke rufe waɗannan taurari. Sai dai ƙurar takan ɗumama, ta fitar da hasken zafi wanda ido ba ya gani, wato infared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aiki da shi. Na'urar IRAS da aka harba a 1983 ta gano garke masu yawa ta wannan haske.

A tsakiyar manyan garke kuma akwai baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya matso. Gas da ke gangarawa cikinsa yakan yi zafi ya haskaka ƙwarai. Don haka masana ke tambaya: zafin nan na sababbin taurari ne, ko na ramin? Madubin James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, yana taimakawa wajen bambancewa.

Tambayar mako: in da idonmu na ganin infared, me zai fi haske a ɗakin girki? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin Alhamis.