Ɗana, Kada Ka Yi Wa Tayarod Dabara

Ɗana, tunda maigidanka ya yaye ka har ka kafa rumfarka a Birnin Kebbi, akwai ƙarfe ɗaya da nake so mu yi magana a kansa. Tayarod nake nufi, sandan nan da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba. In inji ya mutu, mota gangarawa take yi ta tsaya a gefen titi. Amma in tayarod ya fita ana cikin gudu, taya sai ta karkace inda ta ga dama, direba na riƙe da sitiyarin da ba ya jin magana.

Ka san irin motocin da za su riƙa zo maka: Golf da Sharon masu jigila zuwa Argungu ta Ambursa, cike da mutane, but ɗin kuma danƙare da buhunan shinkafar fadama. Da damina laka, da rani ƙura. Da zarar robar da ta rufe kan tayarod ta tsage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga, sai ya yi ta cin ƙarfen a hankali. Direba zai ce maka gaba na ƙara in ya faɗa rami, ko mota na yawo a hannunsa. Kada ka tsaya ga bakinsa. Ɗaga ta a jak, ka kama tayar dama da hagu ka girgiza. In ka ji wasa, ka sa yaronka ya ci gaba da girgizawa, kai ka leƙa ka gani: kan waje ne ko na ciki.

A nan jarrabawar take. Direban zai ce ba kuɗi yau, ka ɗan bubbuga masa da guduma, ko ka cusa leda ya kama. Ya fi matsa maka in bikin kamun kifi ya ƙarato, wanda ake yi a Argungu tun 1934, lokacin da fasinja ya yi yawa, ba mai son motarsa ta kwana a gareji. Ina tausayinsa, iyali gare shi. Sai dai waɗanda zai ɗauka ba su san abin da kuka ƙulla ba, sun biya kuɗinsu ne kawai suka shiga da bismilla. Ka gaya masa gaskiya cikin ladabi. In ya kama ka yi masa ragi a kuɗin aikinka, yi masa, wannan haƙƙinka ne.

Wajen canjawa, fara sassauta notin da ke kulle shi a jikin sanda. In za ka fitar da kan, bugi gefen mazauninsa, kada ka bugi zaren. Ka ƙirga zagaye nawa tsohon ya yi kafin ya fita, ka mayar da sabon daidai haka. Ka gwada tsawonsu tukuna, don na kasuwa ba duka suke zuwa ɗaya ba. Ɗan fin ɗin da ke tare noti kuwa sabo ake sawa, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba.

Ƙirgen nan kai mota wurin alaimen kawai yake yi. In ba a je ba, sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya, direban ya dawo yana ganin laifinka. Kada ka miƙa masa makulli sai ya yi maka alkawarin zuwa ranar. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya kiyaye hanya.