Alhaji, Nawa Ka Cika?

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a bakin wurinmu na saida motoci sai ga wata baƙar LX 600 ta kunno kai, ko ledar kujeru ba a cire ba. Tun kafin a sauke gilashi na gane direban. Alhajin da ke baya mutumina ne na shekara da shekaru, ɗan kasuwar riɗi da zoɓo, mutumin da ba a taɓa cin sa ko da tiya ɗaya a kan buhu ba. Ya fito yana murmushi ya ce, "Ƙanena, zo ka sa albarka."

Na zaga ta, na buɗe gaba, na leƙa ƙasa, na ce Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Sannan na tambayi inda tsohuwar take.

"Ai musaya muka yi. Ka san nawa suka saya? Miliyan 125. Kai da ka ce ba za ta wuce 105 ba."

Gaskiya ne, ni na faɗa. Mako uku kafin nan ya kawo mini LX 570 ɗinsa ƙirar 2018, na sa mata kwamfuta, na ɗaga ta, na kira mutum uku masu saye kuɗi hannu. Ɗaya ya taya 98, ɗaya 102, na ukun ya tsaya a 105 ya ce ko sisi ba zai ƙara ba. Motar tana da kyau, amma ta sha hanyar Kano zuwa Legas, an taɓa fentin ƙofar baya, kuma famfon da ke ɗaga ta ya sauke ta ya fara kasala. Alhaji ya ce albarka, ya ɗauki makullinsa ya tafi cikin fushi, har yana cewa mu dillalai ba ma son mai kaya ya amfana.

Na ce, "Alhaji, nawa ka cika?"

Ya ce 225. Sai da na nemi benci na zauna.

Ga yadda aka yi, kamar yadda shi da kansa ya ba ni labari muna shan shayi. Direbansa ne ya kawo masa zancen wani wuri a Abuja da ke daraja tsohuwar mota. Suka je. Aka shigar da shi ofis mai sanyi, aka kawo dabino da ruwa. Manajan ya fito da kansa ya zaga tsohuwar sau biyu yana jinjina kai: "Ranka ya daɗe, wannan ai ba a hau ta ba. Irin wannan riƙo sai ku manya." Ba su sa kwamfuta ba, ba su ɗaga ta ba, ba wanda ya tambayi takardar sabis. Suka ce 115, ya ce albarka. Suka ce 120, ya miƙe zai tafi. Suka riƙe masa riga a 125, ya ce ya sallama. Duk ƙarfin cinikinsa a nan ya ƙare. Da aka zo kan sabuwa suka ce 350, ya nemi ragi, suka cire biyar "saboda girmansa", suka ƙara masa da kafet da baƙin gilashi da na'urar bibiya, wai kyauta. Ya ji nauyin sake buɗe baki, tunda a ganinsa mutanen sun riga sun yi masa halacci. A cire 125 daga 345, saura 220.

Ya ajiye kafin alƙalami miliyan 20, a kan zai kawo sauran cikin kwana goma idan kuɗin riɗinsa sun fito. Rasidin da suka ba shi abin da aka karɓa kawai ya ƙunsa, babu jimillar farashi, babu lambar shasin motar da yake saye. Ranar da ya koma suka ce dala ta motsa, sai ya ƙara biyar. Tsohuwar motarsa tana hannunsu, kuɗinsa suna hannunsu. Ya ƙara.

A wannan makon ni da kaina na tambayi farashin irin wannan mota a wurare biyu domin wani mutum daban. Ɗaya 310, ɗaya 312, tun kafin a zauna ciniki. Da Alhaji ya karɓi 105 ɗin da ya raina, ya ɗora 205 a kai, da ya shiga motarsa ya tafi gida. Miliyan 20 ya biya domin a ce masa motarsa ba a hau ta ba.

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba, ba wanda ke son a ce an yi masa wayo a gaban direbansa. Sai na ɗauko waya na nuna masa hoton da wani abokin sana'a ya turo zaurenmu na WhatsApp kwana biyu kafin nan. Motarsa ce, har da ɗan tabon da ke gefen madubi, har da lambarsa da ba a cire ba. Ana neman 110, an rubuta "akwai magana". Na ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne. Ka taɓa ganin wanda ya sayi buhu 125 ya kai kasuwa yana neman 110, kuma yana dariya?"

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya ƙara girmansa ya duba tabon. Sannan ya miƙo mini wayar bai ce komai ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, wannan dabara ta tsufa. Shekarata goma sha tara a harkar mota, tun ana kawo 'yan Kwatano ta kan iyaka kafin a hana shigo da mota ta ƙasa a farkon 2017, da ita na tarar ana amfani. Mai saida mota ya san inda zuciyar mai jif take. Ba ya jin zafin farashin sabuwa, domin bai taɓa mallakarta ba, bai san ƙimarta ba. Amma tsohuwar tasa ce, da ita ya kai 'yarsa ɗakin miji, ita ta ɗauko shi daga filin jirgi da ya dawo aikin Hajji, duk wanda ya taya ta da araha kamar zaginsa ya yi. Saboda haka sai a ba shi abin da yake so ya ji a aljihun hagu, a zare ninkinsa daga na dama. A takarda kowa ya ci riba.

Kuma ku daina aiken direba da yaran gida su nemo muku mota. Na faɗa, na sake faɗa. Wanda ya kai ka wurin yana da la'ada, kuma la'adar daga cikin kuɗinka take fita. Ban ce direban Alhaji ɓarawo ba ne, kamasho abu ne da kowa ya sani a kasuwa. Amma wanda za a ba kaso daga hannun mai sayarwa ba zai taɓa ce maka "Alhaji, mu ƙara gaba" ba. Idan za ka je da dillali, ka je da wanda kai za ka biya, ku yanke ladansa tun a gida, kuma ka tambayi mai wurin a gabansa ko akwai wani abu da aka ware wa wanda ya kawo ka.

Da na ga ya ɗan huce, na ce ya bari na duba sabuwar da kyau tunda ta riga ta zo. Na leƙa lambar shasi ta gilashin gaba. Mota ce ta kasuwar Amurka, kuma harafi na goma P ne. An sayar masa da ita a matsayin 2024. Da 2024 ce, da R zan gani. Sabuwa ce, wannan ba ƙarya, kilomitan da ke kanta ba su kai ɗari biyu ba. Amma ta 2023 ce da ta daɗe a ajiye, kuma ranar da zai sayar, ba wanda zai biya shi kuɗin shekarar da aka faɗa masa da baki. Farashin 310 da na ambata kuwa na ainihin 2024 ne, ka ga ashe asarar ta wuce yadda na lissafa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A 2024 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kimanin 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin inji tun daga masana'anta, wanda kan iya cinye metal har inji ya tsaya ana cikin tafiya. Maganin da kamfanin ya yanke shi ne canza injin gaba ɗaya. Ba kowace mota ta waɗannan shekaru abin ya shafa ba, da lambar shasi ake dubawa, aikin minti biyu ne. Na tambayi Alhaji ko sun duba masa. Bai taɓa jin zancen ba. Na tambaye shi garanti, ya ce manajan ya ce "duk abin da ya faru ka kira ni". Garantin Amurka ba ya bin mota ya hau jirgin ruwa ya sauka a Tin Can. Mutum ya zuba sama da miliyan 300 a kan mota, abin da yake riƙe da shi lambar wayar manaja ce kawai.

Ba ina cewa kada a sayi ta Amurka ko ta Dubai ba. Mu ma su muke kawowa. Amma wadda ta zo ta hannun wakilin kamfani da garanti a rubuce da wadda ta zo ta hannun ɗan kasuwa ba farashinsu ɗaya ba, kuma wannan bambanci shi ne babban makaminka a wurin ciniki. Mutane suna ɓata awa guda a kan kafet. Ka tambayi wace kasuwa aka ƙera ta domin ta, wane aji ce, Premium ce ko Luxury, domin tsakanin aji da aji akwai miliyoyi, kuma suna da yawa waɗanda ke biyan kuɗin na sama su tafi da na ƙasa. Wadda ta fito Dubai bayan ambaliyar Afrilun 2024, ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙasan kujeru.

Takardun kwastan ma haka. Tun da aka fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi a 2022, 'yan dabara sai su rage shekara ko su rage aji a takarda. Ka kai takardar ofishin kwastan a tantance kafin ka biya, kada ka bari sai an tsayar da kai a hanyar Kaduna.

Zancen dala kuwa, kowa ya san abin da ya faru tun da aka saki naira a Yunin 2023: daga 460 da wani abu, cikin wata takwas ta haura 1,500. Mai kaya yana da gaskiyarsa idan ya ji tsoron motsin kasuwa, ni ma na taɓa sayar da mota na kasa mayar da irinta. Amma motar da ke tsaye a fili, an riga an biya kuɗinta, an biya fitonta, wace dala ce za ta motsa ta cikin kwana goma? Idan za ka ajiye kafin alƙalami, a rubuta jimillar farashi da naira, da lambar shasi, da ranar cikawa, da abin da zai faru idan ɗayanku ya fasa. Da shaidu biyu. Kuma kada ka bar musu tsohuwarka sai ranar da za ka fita da sabuwa.

Ku ma masu kawo musaya ba ku da dama. Wani zai kawo 570 ta 2010 da aka canza wa fuska da fitilu ta koma kamar 2018, ya rantse shi ma haka ya saya. Wani ya sa a mayar da kilomita baya, ya manta kwamfuta tana gani. Wani makulli ɗaya, babu takardar sabis ko guda, yana neman kuɗin wadda aka riƙe da kyau. Tun da Toyota ta ajiye V8 a irin waɗannan jif a 2021, da Land Cruiser 300 da LX 600 suka fito da V6 mai tabo biyu, masu neman 570 mai lafiya ba su ragu ba. Idan taka lafiyayya ce, tana da kasuwa, ba ka bukatar wanda zai yi maka kirari a kanta. Ka wanke ta, ka haɗa takardunta, ka gyara ƙananan abubuwa, ka bar mutum uku su taya.

Ciniki biyu ne, kada ka bari a haɗe maka su. Ka gama cinikin sabuwa kamar ba ka da wata mota a duniya. Sai an tsayar da farashi a rubuce sannan ka ce akwai musaya. Ka riga ka san abin da masu kuɗi hannu suka taya. Lamba ɗaya ce taka, ciko. Wanda ya taya tsohuwarka bai ɗaga ta ba, ba ita yake saye ba.

Musaya tana da amfaninta, ban musa ba. Tana raba ka da 'yan kallo da masu "zan dawo gobe" da haɗarin karɓar kuɗi daga wanda ba ka sani ba. Idan ka rasa miliyan biyu ko uku a kan wannan sauƙi, ka san abin da ka saya. Miliyan 20 kuwa ta wuce kuɗin hutu.

Alhaji ya so mu koma Abuja a daren. Na ce me za mu ce musu? Ya sallama da bakinsa, ya biya da hannunsa, kuma rasidin ƙarshe bai ambaci shekara ba, "LX 600 baƙa" kawai aka rubuta. Abin da ya rage mana shi ne wanda ya fi gaggawa: tsohuwar tana yawo hannun dillalai da lambarsa da takardu masu sunansa, babu yarjejeniyar canjin mallaka ko ta layi ɗaya. Duk abin da aka aikata da ita, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Ranar Litinin na tura yarona ya karɓo lambar, aka rubuta takarda aka sa hannu. Lambar shasin sabuwar kuma mun duba, tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye. Tun ranar Talata Alhaji yake kiran manajan, ana ce masa yana taro.