Amsoshin Tambayoyinku: Yawan Fitsarin Dare da Ciwon Ƙoda

Wani mai sauraro daga Maiurno, a gaɓar Shuɗin Nilu, yana tambaya ko yawan tashi fitsari da dare alamar ciwon ƙoda ce. Yana iya zama haka, domin lafiyayyar ƙoda tana rage fitsari lokacin barci, amma idan ta raunana sai ta kasa riƙe ruwa, mutum ya riƙa tashi sau biyu ko fiye. Ciwon sukari da hawan jini ne kan gaba wajen lalata ƙoda, sannan tsargiya, wato fitsarin jini da ake ɗauka a magudanan noman rani na yankin Jazira, tana iya toshe hanyar fitsari. Duk wanda ke yawan tashi fitsari da dare, musamman tare da kumburin ƙafa ko kumfa a fitsari, ya hanzarta zuwa asibiti a auna jininsa da fitsarinsa.