Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar MGB a Garejin Baba

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar wata tsohuwar mota ƙirar MGB, mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa. Ta fi shekara 20 ba ta motsa ba. Wani makaniki ya ce in kawo batir da fetur ya tashe ta a yini ɗaya, sai a wuce da ita wajen fenti. Burina in ga ta sake hawa titi kamar yadda na saba ganinta ina yaro. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa. Tunda motar gado ce, ka fara zama da 'yan'uwanka a yi mata kuɗi, a san rabon wanda ta faɗa, kafin ka zuba mata ko sisi.

Batun makanikin nan kuwa, Malam, ka dakatar da shi. Injin da ya kwana shekara 20 ba a tashinsa da ƙarfin tsiya. A kwance fulogi, a ɗiga ɗan mai cikin kowace silinda, a bar shi ya jiƙa kwana biyu ko uku, sannan a juya injin da hannu a ji ko ya saki. A zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tanki, domin fetur ɗin da ya daɗe yakan zama kamar ƙaro ya toshe kafireta. A kula da batir ma: yana bayan kujeru ne, ba a gaba ba, kuma MGB na farko-farko suna amfani da ƙanana biyu masu bolt 6 kowanne. Waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 1967, wayar fozitif ce ke haɗe da jikin mota, akasin motocin yau. Mai rewaya da bai san haka ba zai iya yi maka ɓarna cikin minti ɗaya.

Amma ni ba injin ne ke damuna ba. An ƙera MGB a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, fiye da rabin miliyan, kuma injinta mai silinda huɗu, cc 1,798, yana da sauƙin sha'ani da juriya. Har gobe ana sayar da kayan gyaransa sababbi a Ingila da Amurka. Abin da zai yanke hukunci a kan motar nan shi ne bodinta.

Dalili kuwa, MGB ba ta da shasi daban da aka ɗora bodi a kai. Bodin shi ne ƙashin bayanta. Ga shi kuma ba ta da rufin ƙarfe, don haka nauyin riƙe gaba da baya ya rataya a kan wasu dogayen ƙarafa biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. Kowanne falle-falle ne a ciki, kuma tsatsa daga ciki take cinsa, waje yana sheƙi. Kyan ɗan maciji ke nan. Ka samu mayen ƙarfe ka bi gefen motar da shi; inda ya ƙi kamawa, an taɓa cike rami da fila. Ka ɗaga kafet ka danna daɓen da sukundireba. Sannan a sa jak a ɗaga ta kaɗan, idonka a kan ƙofa: in tazarar ƙofa da bodi ta sauya, ko ƙofar ta ƙi rufuwa, to motar tana lanƙwasawa, kuma aikin gwanin mai walda ne na makonni, ba na fanalbita mai gaggawa ba. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodin MGB da ainihin kayan aikin masana'antar, sai dai kuɗinsa da na dakonsa ba na wasa ba ne.

Wataƙila ka yi sa'a. Busasshiyar iskar Arewa tana tausaya wa ƙarfe fiye da damshin Ingila, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi. In rufin garejin bai yi yoyo ba, mai yiwuwa ka tarar da bodin da ƙarfinsa. Abin da zafinmu ba ya bari shi ne roba. Duk tiyon burki, tiyon lagireto da na fetur a canza su, haka tayoyi ko da zanensu bai goge ba. Burki kafin gudu, fenti a ƙarshen komai.

Ka dubi sitiyari. In a dama yake, ba mamaki ta shigo kafin 1972, shekarar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Ka tuntuɓi hukumar kiyaye haɗura kan rajistarta. Mayar da shi hagu abu ne mai yiwuwa, tunda masana'antar ta ƙera iri biyun, mafi yawa ma Amurka aka kai su.

Gaskiya ɗaya ba zan ɓoye maka ba: da wuya kuɗin da za ka kashe ya dawo in ka sayar, domin MGB ba ta yi ƙaranci a duniya ba. Amma kai ba ciniki ya kawo ka ba, motar Baba kake so, kuma ina ganin wannan dalili ya isa. Saboda haka kada ka bari a cire injinta a dasa na wata motar Japan don neman sauƙi. Kafiretocinta biyu ƙirar SU suna son a daidaita su su riƙa shaƙar iska daidai da juna, kuma akwai dattawan makanikai da suka koyi aiki a kan motocin Ingila, kunnensu ya san wannan sautin. Ka nemi ɗaya daga cikinsu. Duk abin da za a kwance, ka ɗauki hotonsa tukuna, ka zuba notinansa a leda ka rubuta suna.