Yadda A Ke Juye Man Gas Daga Tankin A-kori-kura

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, watakila wani ya ce, "Ina ruwan malami da tankin mota?" To, ku saurara. Yawancinmu ƙauye za a kai mu, inda makaniki sai an yi tafiyar yini. Motar da ke kawo littattafai da alli, ita ce kuwa ke ɗaukar majiyyaci zuwa asibiti da tsakad dare, galibi a-kori-kura ce mai shan gas. Ran da ta tsaya, malami za a duba, gama mutane na zaton ya san kome.

A hutun da ya wuce na shiga irin wannan mota zuwa gida. Muka tsaya shan mai, yaron da ke sayarwa ya yi kuskure ya ɗura fetur. Da direba ya ji warinsa, sai ya zare makulli ya sa aljihu, ya ce a tura motar gindin inuwa. Muka yi ta gunaguni. Na ce masa, "Baba, ai kaɗan ne, mu tafi mana." Ya dube ni ya ce, "Malam, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Sai daga baya na gane abin da ya ke nufi.

Ga dalili. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ya ƙago wannan irin inji, ya kuwa yi aiki sosai a 1897 a birnin Augsburg. Injin fetur tartsatsin fulogi ke kunna shi. Na gas kuwa iska ya ke matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan famfo ya fesa mai ciki, ya kama da kansa. Ƙarafan wannan famfo a matse su ke, santsin gas ɗin ne ke hana su cin juna. Fetur ba shi da wannan santsi, wanke shi ma ya ke yi. In ya kai famfo, ƙarfe ya goge ƙarfe, garinsa ya bi mai ya ɓata sauran kaya. Muddin ba a ta da inji ba, ɓarnar tana cikin tanki kaɗai. A motocin zamani da yawa, ko murɗa makulli aka yi ba a tayar ba, ƙaramin famfo ya kan fara tura mai.

Abokin gaba na biyu ruwa ne. Litar ruwa kilo 1 ce, litar gas kuwa wajen giram 830, saboda haka ruwa a gindin tanki ya ke kwanciya, daidai inda a ke jan mai. Ya kan shiga ta tsohon duro, ko kuwa raɓa ta taru jikin tankin da ya kwana rabi. Can ya ke kawo tsatsa da wata baƙar dauɗa mai toshe matacin mai.

To, ga yadda a ke juyewa.

Da fari, a tsai da mota a fili mai iska, wuri shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a tokare ƙafafu da duwatsu. A bar inji ya huce, a cire wayar batir mai alamar ragi. Kada taba ko ashana ko fitilar kananzir ta kusato, a ajiye bokitin yashi kusa.

Na biyu, a tanadi mazubi tun ba a kwance kome ba. Tankin Toyota Hilux ya kan ci lita 80, watau jarka huɗu masu lita 20. Wanda ya kwance noti da kwano ɗaya a hannu, ƙasa zai shayar.

Na uku, a duba gindin tanki. In akwai noti na zubarwa, a share dattin da ke kewaye da shi, a buɗe murfin tanki don iska ta shiga, a sassauta notin sannu da sifana, a tara. In babu, a zura tiyo ta baki, a ja da famfon hannu. Sababbin motoci da dama an sa musu kariya a wuyan tanki wadda ba ta barin tiyo ya wuce. Irin waɗannan sai a cire bututun da ke kai mai ga mataci a ja ta can, ko kuwa a bar wa makaniki ya sauke tankin.

Na huɗu, a tari ɗan abin da ya fara fitowa a kwalba, a ɗaga ta sama. In da ruwa, za a gan shi kwance a ƙasa, mai na bisa.

Na biyar, a mai da noti a ɗaure, a sake mataci, a zuba gas mai tsabta. Sa'an nan a danna ɗan famfon da ke kan matacin har ya yi tauri, don a kori iskar da ta shiga, gama injin gas ba ya tashi da iska a bututunsa.

Sauran gargaɗi biyu, su ne kuwa mafiya girma. Kada kowa ya zuƙi mai da baki, ko da ya ga manya na yi. In ɗigo ya sarƙe shi ya gangara huhu, ciwo mai tsanani ya ke kawowa. Wanda ya haɗiya, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti nan da nan. Sa'an nan a lura, gas tsantsa ba ya kamawa da sauƙi sai ya yi zafi fiye da digiri 50, amma wanda ya gauraya da fetur halin fetur gare shi. Kada a ba mata su zuba a fitila ko risho. Kada kuma a zubar kusa da rijiya. A rufe shi cikin jarka, a rubuta abin da ke ciki, a kai wa masu gyaran mota.

Wanda zai koyar da wannan a aji, ya zo da kwalba da ruwa da man gyaɗa, ya girgiza, ya bar yara su ga wanda zai kwanta. Ya kuma ba su wannan lissafi: in lita ɗaya giram 830 ce, nawa ne nauyin lita 80? In sun sami kilo 66 da 'yan kai, sun san abin da ya hana mutum ɗaya sauke cikakken tanki.

Mu dai ran nan sa'a uku muka ɓata, muka isa gida bayan isha'i, amma da motarmu lafiya. Iyakar abin da na sani ke nan. Wanda ya fi ni sani cikinku, ina roƙo ya ƙara mana a fitowa ta gaba.